Dona Ivonete, Mai Ɗinka wa 'Yan Sanda Suna

Duk wanda ya saba bin Layin Bariki a garin Itaparé ya san gidan Dona Ivonete. Gida ne mai ƙofa biyu: ta gaba tana kallon barikin 'yan sanda, ta baya kuma ta fita cikin lungunan Jurubeba, unguwar talakawa da ta hau tudu kamar an zuba ta da kwando. A ɗakin gaba take ɗinki. In ka tafa hannu a bakin ƙofa ba za ta ɗago nan da nan ba. Sai ta fara duban takalminka ta saman tabarau, sannan hannunka, kafin ta kai ga fuskarka. Gajeriyar mace ce mai furfura, ba ta da yawan dariya, kuma in ka yaba mata aiki sai ta ce, "To, me kake so?"

Ba da wannan hali aka haife ta ba. A can ƙauye cikin ƙasar fari ta taso, inda awakin ubanta suka ƙare a wata shekara da sama ta ƙi zubar da ruwa. Tana budurwa aka ɗora ta a bayan babbar mota zuwa Itaparé, ta kama aikatau a gidan wani likitan haƙori. Wata rana ɗan kunnen matar gidan ya ɓata. Aka kira ɗan sanda, ya zazzage mata ƙunshin kaya a tsakar gida, har da ɗan kamfai, yaran gida suna kallo. Daga baya aka tsinci ɗan kunnen a magudanar banɗaki. Ba wanda ya ce mata yi haƙuri. Tun daga ranar ta ɗauki darasi ɗaya ta riƙe: in mutum ya yi maka murmushi, duba abin da ke ɗaya hannunsa.

Ta koyi ɗinki wurin telar da ke zuwa gidan, ta auri Anacleto, makanikin motocin haya, suka haifi 'ya ɗaya, Rosilene. Anacleto ya tafi kudu neman aiki, ya yi ta aiko da saƙo, saƙon ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Ivonete ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta jawo keken ɗinki kusa da taga ta ci gaba.

Aikin bariki kuwa da wandon wani kurtu ya soma, wanda ya yage masa ana dab da fareti. Ta ɗinke masa, ya gaya wa 'yan'uwansa. Kafin a jima ita ce mai rage riga, mai ƙara ƙugu, kuma ita ce mai surfa suna a kan ɗan siririn ƙyallen da kowane ɗan sanda ke ɗaurawa a ƙirji. A da, a jikin rigar take ɗinke sunan, sai da reza za a iya raba su. Daga baya aka kawo wani maƙale mai ƙaya-ƙaya, wanda kowa ke kira ƙarangiya: a manna, a ɓantare, fyat, kamar ba a taɓa sawa ba. Aka ce don wanki ya yi sauƙi ne. Ivonete ta juya abin a hannunta, ta ce a ranta ruwa ba ya tsami banza, amma ta karɓi aikin, don ciki ba ya jiran bincike.

Zama tsakanin bariki da Jurubeba bai bar ta da masoyi sosai ba. Matasan unguwa in ta wuce sai su rage murya, wani ya ce, "Ga rediyon bariki nan." 'Yan sanda kuma in suna gwajin riga a ɗakinta sai su katse hira da zarar ta matso da tef ɗin awo. Ita ma ba ta yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba, don haka lissafi ya tashi daidai. Mutum ɗaya ce ke shigowa ta ƙofar baya ba tare da tafi ba, wato Marlúcia, wadda ta riƙe Rosilene ranar baftisma. Tun daga lokacin suke kiran juna comadre, wato ƙawar da 'ya ta haɗa. Mijin Marlúcia, Seu Dorival, ruwan rake yake matsewa yana sayarwa a dandalin coci.

Wata Asabar da hantsi hukumar gari ta ce a tashi 'yan tireda daga dandalin. Ivonete na kan keke ta ga motoci sun fita daga bariki, ta kuma lura da abin da mai wucewa ba zai lura ba: ƙirjin kowa fayau yake, babu suna. Ba a yi nisa ba hayaƙi mai sa hawaye ya iso har layinsu. Da azahar labari ya zo cewa Seu Dorival ya rungume injin matse rakensa ya ƙi saki, wani ya sauke masa kulki a gefen kai. Ya rayu, amma kunnen hagu ya tafi ke nan.

Da ya samu sauƙi shi da Marlúcia suka je kai ƙara. Ofishin karɓar ƙarar a cikin barikin yake. Aka ba su kujera, aka tambaye su cikin ladabi, "Wa ya buge ka? Mene ne sunansa?" Suka dawo gida.

Marlúcia ta shigo ta ƙofar baya da waya a hannu, ko gaisuwa babu.

"Comadre, ajiye wannan tsumman ki duba nan."

Wani yaron shago ne ya ɗauki hoto mai motsi na dukan. Ana ganin ƙato mai faɗin kafaɗa, da hular kwano da ta rufe fuska, ya ɗaga hannu ya sauke.

"Ke kika auna kafaɗar kowane jaki a gidan can. Wane ne?"

Ivonete ta kalla, ta sake kallo. Zuciyarta ta ce Kofur Edmílson ne, mai ɗaga ƙarfe, wanda ba ya gaisuwa. Amma akwai wasu biyu masu irin wannan gini, duk ita ta buɗa musu hannun riga. In ta faɗi suna ta yi kuskure fa? In kuma ta faɗa daidai, wa zai kwana a gidan da ke kallon bariki, ita ko Marlúcia?

"Ban gane shi ba," in ji ta.

"Ba ki gane shi ba, ko ba kya son ganewa?"

"Fuskarsa a rufe take, comadre. Kafaɗa ba suna ba ce."

Marlúcia ta mayar da wayar cikin rigarta. "Haka ne. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski." Ta fita, ba ta ja ƙofar ba. Daga ranar ta daina shigowa.

Hoton nan ya yi yawo har babban birnin jiha. Jaridu suka ɗauka, majalisar dokoki ta ce za ta yi doka kan yadda ɗan sanda zai yi aikinsa. Ana cikin haka wata mata ta tafa hannu a ƙofar gaba. Lauya ce mai aiki da kwamitin majalisar, sunanta Cleonice, amma Doutora ake ce mata, kamar yadda ake ce wa duk mai ƙatuwar jaka da takalmi mai tsini.

"Dona Ivonete, an ce ke kike ɗinka musu suna."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Mutane suna da suna, Doutora."

Lauyar ta yi dariya, ta zauna a kan buhun yadi ba a ba ta izini ba. Ta yi bayani dalla-dalla: suna so doka ta ce ɗan sanda ba zai taɓa mutum ba sai in babu wata hanya, kuma gwargwadon abin da ke gabansa, in ya tsayar da kai ya gaya maka ko shi wane ne da dalilin tsayarwar, sunansa ya kasance a ɗinke a ƙirji, sannan a fitar da ofishin ƙara daga bariki. Za a zo Itaparé a saurari jama'a, tana so Ivonete ta tashi ta faɗi yadda ƙarangiya ta shigo.

"Zaɓe ya kusa ko?" in ji Ivonete.

"Ya kusa. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"To bayan na yi magana, ke ina za ki kwana?"

"A birni."

"Ni kuma a nan." Ta nuna bariki da allura. Ta ba baƙuwar kofi, don baƙo baƙo ne, amma ba ta yi alkawarin komai ba.

Ba a kwana da yawa ba sai ga Saje Valdemir, tsohon abokin cinikinta, mai ƙaton ciki da yawan barkwanci. Ya jefa wando a kan tebur.

"Dona, wandon nan ya sake tsukewa. Yadin bana ba shi da albarka."

"Yadin ne ke cin wake da naman alade da tsakar rana, ko?"

Ya yi dariya har yana riƙe ƙofa. Sannan ya ce, kamar abin bai dame shi ba, "Na ga kin yi baƙuwa mai jaka."

Hannun Ivonete bai tsaya da warware ɗinki ba. "Zip ɗinta ne ya lalace."

"To, Allah ya sa ya gyaru." Ya jawo kujera. "Dona, kin san inda matata ke shanya min kaki? A bayan firij. Tun da muka yi aure rigar nan ba ta taɓa ganin igiya ba, don kada maƙwabta su san aikina. 'Yata a makaranta cewa take ubanta direba ne. Wani yaronmu, 'yan ƙwaya suka karanta sunansa a ƙirji, kafin mako ya zagayo sun san gidan uwarsa. Ba kowa ke ɓantare suna don mugunta ba."

"Amma ranar Asabar ɗin nan masu rake aka je wa, Saje, ba 'yan ƙwaya ba."

Ya shafa ƙeya. "Ni dai in da za su tambaye ni, lamba za a sa. Kowa da tasa, a ɗinke. Mai ƙara ya riƙe lamba, iyalina su kwana lafiya."

"Wa zai san lamba kaza ta wane ce?"

"Ofis mana."

"Wane ofis? Naku? An ba kura ajiyar nama ke nan."

Ya tafi yana murmushi. Ita kuwa ta wuni tana juya maganar. Abin da ya faɗa gaskiya ne, ta taɓa jin ƙaurin firij a jikin rigunan da ake kawo mata. Amma aiko shi aka yi ya ji bakinta, ko don kansa ya zo? Gargaɗi ne, ko hira? Ta kasa yankewa.

Na uku da ya zo shi ne Kofur Edmílson. Bai tafa hannu ba, inuwarsa ce kawai ta rufe hasken ƙofa. Ya ajiye sababbin riguna biyu.

"A ɗinke sunan a jiki, irin na da. Tunda an ce haka doka za ta so."

"To. Edmílson, kamar kullum?"

"Ɗaya Edmílson. Ɗayar ki sa Barreto."

Ivonete ta san Barreto. Siririn kurtu ne mai son waƙa, babur ya kashe shi shekarun baya, har ta je jana'izarsa. Ta ɗaga rigar ta duba. Faɗin kafaɗar na Edmílson ne.

"Wane Barreto?"

"Wani abokina. Tambayar ta mece ce, Inna? Ɗinki aka kawo miki."

Doka ba a ma haife ta ba, ga shi an riga an haƙa mata rami. Ta ajiye rigar a hankali.

"Keken surfani ya lalace, Kofur. Tun jiya yake cin zare."

Ya dubi keken, da sunan wani kurtu a ƙarƙashin allura, rabi a gama, zare sumul. Ya dube ta. Ya kwashe rigunansa duka biyu.

"Allah ya ba shi lafiya," ya ce. "Ki riƙa kula da shi. Abu in ya tsufa ba ya son wahala."

Ranar sauraron jama'a Ivonete ta ce wa kanta ba za ta je ba, sai ga ta ta sa rigar zuwa coci ta tafi. Zauren hukumar gari ya cika. Ta zauna can baya kusa da ƙofa. Marlúcia na gaba da mijinta, wanda ke ta juya kai yana miƙa kunnen dama. Wani kyaftin ya tashi ya ce duk abin da ake nema yana cikin littafin ƙa'idojinsu tun tuni, ba a buƙatar wata doka. Ɗan sanda mai tsoron kotu ba zai kare kowa ba. Wasu suka tafa masa, har da masu shaguna waɗanda ɓarayi suka addaba. Wata tsohuwar alƙaliya ta amsa masa cewa littafin da mutum ya rubuta wa kansa, shi ke goge shi in ya matsa masa. Abin da ake so shi ne 'yan ƙa'idoji kaɗan, a fili, waɗanda mai sayar da rake zai iya haddacewa, kuma wanda ba ya sa kaki ne zai duba ko an bi su. Aka yi ta ja-in-ja kan suna ko lamba har aka gaji.

Doutora Cleonice ta ɗaga kai tana neman ta da ido. Ivonete ta sunkuya tana gyara maɗaurin takalmi har idon ya wuce.

Da aka tashi hutun shan kofi ta bi lauyar banɗakin mata. Ta leƙa ƙarƙashin kowace ƙofa, ta buɗe famfo don ƙarar ruwa ta rufe murya, sannan ta gaya mata zancen riga biyu, ba tare da ta ambaci kofur ɗin ba.

"Ko suna kuka sa ko lamba, za su ɗinka na matattu. Ku rubuta cewa wanda ya sa abin da ba nasa ba ya yi laifi, shi da wanda ya fito da shi aiki."

Ta zaci matar za ta zaro ido. Sai ta ga ta jingina da bango kamar wadda ta gaji.

"Mun sani, Dona. A wasu garuruwa ma an yi. Mun sa shi a daftarin farko, aka cire. Sai da muka haƙura da wannan kafin su yarda a fitar da ofishin ƙara daga bariki. In da za ki faɗa a zaure, a gaban 'yan jarida, wataƙila in iya mayar da shi."

"Wataƙila?"

"Wataƙila."

Ivonete ta rufe famfo. "Ba na sayar da gidana a kan wataƙila."

Tana fitowa ta yi kiciɓis da Saje Valdemir a baranda, da ɗan kofin roba a hannu. Ya dube ta, ya dubi lauyar da ta fito bayanta.

"Zip ɗin ne har yanzu, Dona?"

Ivonete ta raɓa shi ta wuce. Ta sauka matakala, ba ta koma zauren ba.

Dokar ta fito bayan zaɓe, ba kamar yadda aka shiga da ita ba. Lamba aka amince da ita, a ɗinke, gaba da baya. Ofishin ƙara ya koma wani bene kusa da gidan waya, ƙarƙashin farar hula, kuma an ba su ikon ganin wa ke da wace lamba. Batun sa lambar wani kuwa aka ce rundunar da kanta za ta tsara hukuncinsa. Seu Dorival ya sake kai ƙara a sabon ofishin. Aka karɓa, aka yi bincike, aka ce ba a iya gane mutumin ba, amma an tsawata wa kyaftin ɗin da ya fita da mutane ƙirji fayau. Mutanen Jurubeba wasu suka ce an samu ci gaba, wasu suka ce an dai canza wa tuwo suna.

Aikin bariki ya ɗauke wa Ivonete ɗif. An ce wani kamfani a birni aka ba kwangilar ɗinka lambobi, wannan gaskiya ne. Amma kamfani ba ya ƙara ƙugun wando, kuma ko wando ɗaya bai sake tsallako titi ba. Ko Edmílson ne ya hana, ko Valdemir ne ya kai labari, ko kuwa Valdemir ɗin ne ma ya sa abin ya tsaya a kan wando kawai, ba ta taɓa sani ba. Valdemir ya yi ritaya, yana kiwon kaji a bayan gari, in sun haɗu a kasuwa yana ɗaga mata hula. Tana amsawa, amma ba ta sayen ƙwansa.

Ta koma ɗinka kayan makaranta da rigunan bikin watan Yuni, masu fala-fala da kala-kala. A irin wannan lokaci ne, bayan shekara ta zagayo, Marlúcia ta tafa hannu a ƙofar baya, abin da ba ta taɓa yi ba, riƙe da yadin jikarta. Ba su ta da tsohon zance ba. Ivonete ta auna yarinyar, ta dafa kofi, ta yanka wainar masara.

"An ce sun daina kawo miki aiki," in ji Marlúcia.

"An ce."

"An ce wai kin ƙi yi wa wani wani abu."

"Mutane ba sa rasa abin cewa, comadre."

Marlúcia ta daɗe tana kallonta, sannan ta ƙara yankan waina.

Rosilene, wadda ke aikin jinya a birni, tana ta roƙon uwar ta sayar da gidan ta komo wurinta, ta ce idon uwar ya fara yana, ga matakala, ga kaɗaici. Wani dillali ma ya zo ya taya gidan da daraja, ya ce kantin magani za a yi. Ivonete ta tambaye shi wa ya aiko shi, ya ce ba kowa. Ta tambaye shi ya aka yi ya san tana tunanin sayarwa, ya ce hasashe ne kawai. Ta ce masa ya dawo bayan biki. Da ya tafi ta kira Rosilene ta ce a bar maganar tukuna, akwai rigunan yara goma sha wani abu da ba ta gama ba, kuma mutumin nan takalminsa ya yi tsada da yawa a ce dillali ne.